Madarunfa: gero na fita da kaka saboda biki, ya dawo da damina a kan bashi

Kaka ta kama, kuma a gundumar Madarunfa kaka lokacin abu biyu ne da ba sa rabuwa: ɗaurin aure da sayar da hatsi. Daga watan Oktoba har zuwa gab da azumi, da wuya Asabar ko Lahadi ta wuce ba a ga tanti a bakin hanya ba, da kujerun haya, da mata cikin anko. A ranakun kasuwa kuma amalanke ke shigowa da buhunan gero da wake daga ƙauyukan Gabi, Safo da Sarkin Yamma, 'yan kasuwar Maraɗi na jiran su da kuɗi a hannu. Kuɗin da ake zubawa ƙarƙashin tantin, yawancinsa daga waɗannan buhunan ya fito, kuma an sayar da su ne a watan da gero ya fi araha a duk shekara.

Kukan da ake ji a gidajen rediyo da wuraren wa'azi shi ne mutane sun cika almubazzaranci da son a gani. Akwai gaskiya a ciki. Amma wanda ya tsaya nan bai faɗi inda ciwon yake ba. Babu katin bashi na banki irin na Amurka a Madarunfa, babu manyan kantunan da ke jan mutum ya sayi abin da bai shirya ba. Bashin nan na kunya ne, kuma da hatsi da gona ake biyan shi.

A duba yadda aure ɗaya ke cin gida biyu. Ango na neman sadaki, da lefe, da goro, da abincin taro. Uwar amarya kuwa nauyinta ya fi, domin ita ke haɗa kayan ɗaki. Barbara Cooper, masaniyar tarihi ce Ba'amurkiya da ta zauna Maraɗi ta kuma wallafa littafi a kan auren garin a 1997, ta nuna yadda kayan ɗaki suka tashi daga ƙore zuwa kwanonin kanti, da yadda jeren ke zama ma'aunin darajar yarinya a gidan miji da gaban kishiya. Yau kwanonin sun zama gado da katifa, kujeru, labule, talbijin, wani lokaci har firji a ƙauyen da wutar lantarki ba ta isa ba. Ma'aunin dai bai sake ba, tsadarsa ce ta ninka. Uwar da ta rage kaya ta san 'yarta ce za ta sha gori shekara da shekaru, don haka ta gwammace ta ci bashi.

Sai kuma shi kansa biki, wato gudummawar da mata ke kai wa juna. A al'ada abin da aka kawo miki ninka shi za ki yi ranar da za ki mayar, kuma da yawa na da littafin da suke rubuta wa ta kawo nawa. Masu sukar wannan tsari sukan manta cewa shi ne inshorar macen da ba ta da asusu a banki: ta zuba kaɗan-kaɗan shekaru, ranar aurar da 'yarta ta kwashe. Matsalar ita ce bashi ne da ba ya ƙarewa, kuma ranar biyansa ba a hannunta take ba. In bukukuwa huɗu suka haɗu a mako guda, dole ta nemo kuɗi ko ta sayar da akuya.

Maza sun iya ɗora laifin duka a kan mata, amma su ma a tambaye su. Da damina ta yi kyau, abin da magidanci da yawa ke fara tunani shi ne ƙarin aure, ko sabon babur, ko wayar da ta fi ta maƙwabci. Ragon suna da na layya, mutum ya san ba shi da hali, addini ma bai tilasta wa marar hali ba, amma sai ya karɓo bashi don kada yara su leƙa gidan wani. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna mace a jihar Maraɗi na haihuwar fiye da 'ya'ya takwas a matsakaici, sama da 7.6 na ƙasa baki ɗaya. Kowane ɗa suna ne, kuma bayan 'yan shekaru aure ne. Gidan da ke da mata biyu da wuya ya yi shekara bai yi taro ba.

Ga yadda zagayen ke rufewa. Manomi ya sayar da gero a Nuwamba ya yi hidima. Rumbu ya ƙare a Afrilu ko Mayu. A Yuni da Yuli, lokacin da yake buƙatar ƙarfin yin noma, sai ya koma wurin ɗan kasuwar da ya saye masa, ya karɓi hatsi ko kuɗi a kan zai biya da amfanin gona idan kaka ta zo. Sunan da jama'a suka ba wannan ciniki ya isa bayani: a ci ba daɗi. Mu ɗauki misali don lissafi kawai. Wanda ya karɓi jika goma a Yuli, ya biya da geron jika goma sha biyar a Oktoba, ya ba da ribar kashi 50 cikin 100 a wata uku, wato kashi 200 a shekara. Alhali a 2014 ƙasashen UEMOA suka tsayar da iyakar kuɗin ruwa a kashi 24 cikin 100 a shekara ga ƙananan cibiyoyin ba da rance, da kashi 15 ga bankuna. Dokar na nan a rubuce, amma ba ta shiga inda babu takarda, kuma shi mai karɓar bashin ba zai kai ƙarar mutumin da zai sake nema baɗi ba.

Idan hatsi ya kasa biya, sai a taɓa gona. Jinginar gona tsohuwar hanya ce: ka karɓi kuɗi, mai kuɗi ya noma gonarka har ranar da ka mayar masa. A yankin da ƙasa ke da yawa abin ba zai yi zafi ba. Madarunfa kuwa na cikin wuraren da suka fi cunkoso a Nijar, ƙidayar 2012 ta ba gundumar mutum kusan 450,000, gonaki sun tsattsage wurin rabon gado har wasu ba sa ciyar da gida wata shida. Wanda ya jinginar da irin wannan gona ya yanke hanyar da zai samu kuɗin fansarta. Ƙarshenta a cika masa 'yan kuɗi, jingina ta koma sayarwa, shi kuma ya koma ɗan ƙwadago a gonar ubansa ko ya tafi ci-rani. Fadamun bakin tabki da na gulbi, da filayen noman rani na Jiratawa, su ne masu kuɗin birni suka fi sa wa ido.

Wanda ya ga 2005 bai kamata a yi masa dogon bayani ba. A shekarar, jihar Maraɗi da ake kira rumbun ƙasa ita ce ta cika cibiyoyin kula da yara masu tamowa. Hatsi na nan a kasuwa, kuɗin sayensa ne babu, kuma gidaje da yawa sun shiga daminar da bashin da ya riga ya cinye girbinsu. Har yanzu ƙungiyar likitoci ta MSF na aikin yara a gundumar Madarunfa, kuma kowace shekara watannin da gadaje ke cika su ne watannin da rumbu ya ƙare, zazzaɓin cizon sauro ya taso.

Abin da ya sa matsalar ta ƙara tsanani a 'yan shekarun nan shi ne hanyoyin da ake toshe ramin da su sun ƙuntata. Tattalin arziƙin Madarunfa a jingine yake da Najeriya, ta Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina. Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 takunkumin CEDEAO ya sake rufe ta har zuwa Maris na 2024. A tsakanin nan gwamnatin Bola Tinubu ta cire tallafin mai, ta saki naira, har jika guda ta sefa ta haura naira dubu biyu. Faɗuwar nairar ta yi wa mutanenmu wasa biyu. Atamfa da kayan ɗaki na Kano da Katsina sun zama kamar da araha ga mai sefa, sai sha'awar saye ta ƙaru. Amma kuɗin da ɗan ci-rani ke aikowa daga Kano ko Legas, in aka canza shi, ya zube, haka ma kuɗin dabbar da aka kai kasuwar ƙetare. Hidima ta hau, abin biyanta ya sauka.

Ga kuma 'yan bindiga. Ƙauyukan bakin iyaka da na kewayen dajin Baban Rafi sun sha satar shanu da satar mutane don kuɗin fansa. Saniya ita ce bankin baƙauye, ita yake sayarwa ranar aure ko ranar ciwo. Wanda aka kore wa garke ba shi da sauran abin taɓawa sai gona. Shi ya sa bai dace a haɗa kowa a kwando ɗaya ba: akwai wanda anko ya jefa a bashi, akwai wanda ya ci bashi ya fanso ɗansa, kuma wa'azin tsimi ba shi da abin da zai ce wa na biyun.

Ko matakan da aka ɗauka don sauƙaƙa wa talaka suna da fuska biyu. A Oktoban 2024 hukumomi sun hana fitar da hatsi waje, in ban da zuwa Mali da Burkina Faso. Mutumin birni mai sayen tiya-tiya ya ji daɗi. Manomin da ake bi jika hamsin kuwa, idan farashi ya faɗi, buhunan da zai fitar ya biya su ne suka ƙaru. Bashi da sefa ake rubuta shi, ba da tiya ba.

Ma'aikaci ma bai tsira ba, nasa dai ya fi ɓoyuwa. Mafi ƙarancin albashi a hukumance jika 42 ne tun farkon 2024. Malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti da ke karɓar fiye da haka, banki ya riga ya cire nasa kason na rancen fili ko na babur ko na layya kafin kuɗin su iso hannunsa. Sauran kuma mai kanti na jira da littafi. Duk da haka shi ne dangi ke kallo a matsayin mai albashi, shi ake fara kira in an sa ranar aure a ƙauye, kuma ba ya iya cewa babu.

An sha gwada maganin doka. A zamanin Seyni Kountché an ƙayyade sadakin budurwa a jika hamsin, Ƙungiyar Matan Nijar da aka kafa a 1975 ta yi ta kiran a rage tsadar aure. Abin da ya biyo baya kowa ya sani: a gaban shaidu a ambaci abin da doka ta ce, sauran kuɗin su bi ta lefe da gaisuwar iyaye. Daga shekarun 1980 Izala ta shigo Maraɗi da wa'azin yaƙi da bidi'o'in biki, kuma ta samu karɓuwa wurin matasa da 'yan kasuwa da suka gaji da ɗawainiya. Ta rage kiɗa da roƙo a gidaje da dama. Kayan ɗaki kuwa ko gezau, don ba a wurin taro ake auna su ba, a ɗakin amarya ne. Ba wanda zai fara ragewa shi kaɗai. In za a rage, sai dai gari guda ya yi yarjejeniya, da sarki da limamai da shugabannin mata, kuma masu hali su fara da 'ya'yansu. Muddin 'yar Alhaji na tarewa da mota biyu ta kaya, ba a isa a ce wa matar manomi ta yi haƙuri da tabarma ba.

A ganina, abin da ya fi saurin aiki ba hana biki ba ne, raba shi da ranar sayar da hatsi ne. Kuma hanyoyin ba baƙi ba ne a nan. A jihar Maraɗi aka haifi tsarin Mata Masu Dubara a 1991, tare da ƙungiyar CARE: mata su riƙa zubi kowane mako a akwati mai makullai, su ranta wa junansu, ribar ta dawo cikin akwatin, a raba a ƙarshen zagaye. Tsarin ya bazu ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, mu da muka ƙirƙiro shi kuwa sau da yawa mun mai da ranar rabo ranar sayen anko. Akwai kuma jinginar hatsi a sito, wadda Faransanci ke kira warrantage, da wani shirin FAO ya yaɗa a Nijar tun ƙarshen shekarun 1990. Manoma su tara girbinsu a ɗaki mai kwaɗo biyu, ɗaya a hannun ƙungiyarsu ɗaya a hannun mai ba da rance, su karɓi wani kaso na kuɗin hatsin su yi hidima, su sayar a Mayu ko Yuni idan farashi ya tashi. Ba tsari ne marar haɗari ba, domin a shekarar da farashi ya ƙi tashi ribar na iya tafiya a kuɗin ruwa da na ajiya. Amma ko a irin wannan shekarar hatsin na cikin gari lokacin da ake buƙatarsa, ba a siton wani a Maraɗi ba.

Abin da ya rage wa hukumomin gunduma shi ne su san girman ramin. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda ake kira Cofo, daga gunduma har ƙauye, kuma cikin aikinsu akwai rubuta takardar sayar da gona da ta jingina. Idan kantomomin Madarunfa, Ɗan Isa, Gabi, Safo, Jiratawa da Sarkin Yamma suka riƙa fitar da adadin waɗannan takardu kowane wata shida, tare da dalilin da mai gona ya bayar, za a ga gona nawa aure ya ci, nawa ciwo ya ci, nawa kuma suka tafi a kuɗin fansa.