Ma'aunai Uku Na Alƙalan Amurka

Idan majalisa ta kafa doka a ƙasar Amurka, wani kuma ya kai ƙara cewa ta tauye masa haƙƙin da Tsarin Mulki ya ba shi, alƙalai sukan fara da zaɓen ma'aunin da za su auna dokar. Sau da yawa wannan zaɓe shi ne rabin hukunci.

Asalin abin tun 1938 ne, cikin shari'ar kamfanin Carolene Products, wanda aka tuhuma da fataucin madara gauraye da man kwakwa. Kotun Ƙoli ta ce dokar ciniki, muddin tana da dalilin da hankali zai ɗauka, sai a ƙyale ta. Amma Mai Shari'a Harlan Stone ya ƙara ɗan bayani a ƙasan shafi, cewa dokar da ta taɓa 'yancin da Tsarin Mulki ya ambata, ko ta auka wa tsiraru marasa ƙarfin ƙuri'a, tana iya bukatar bincike mai tsanani.

Sannu a hankali ma'aunai suka zama uku. A mai sauƙi, mai ƙara ne zai nuna dokar ba ta da ma'ana, kuma da wuya ya ci nasara. Matsakaici ya fito a 1976, domin dokokin da suka bambanta maza da mata. A mai tsanani kuwa, kamar kan launin fata, gwamnati ce za ta tabbatar da larura babba, ta kuma nuna babu wata hanya mai sauƙin cuta.

To, amma ma'auni ba ya aiki shi kaɗai. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta tsare mutane wajen 120,000 'yan asalin Japan a sansanoni, akasarinsu haifaffun Amurka. Fred Korematsu ya ƙi barin gidansa, aka hukunta shi. A 1944 Kotun Ƙoli ta faɗa da bakinta cewa irin wannan doka tana bukatar bincike mafi tsanani, sa'an nan alƙalai 6 cikin 9 suka goyi bayan gwamnati, bisa hujjar tsaron ƙasa. Sai a 2018 Babban Joji John Roberts ya bayyana cewa hukuncin nan kuskure ne tun ranar da aka yanke shi.

Ashe ko mudu ya cika, abin dubawa shi ne hannun mai awo, musamman ranar da tsoro ya kama gari.