Gayya a Lokacin Zafi: A Sake wa Dattawa Tsarin Aiki

'Yan'uwa manoma, a ƙungiyoyinmu da yawa idan aka kira gayya, kowa yakan ɗauki garmarsa ya kama kunya ɗaya, saurayi mai shekara 20 da dattijo mai shekara 65 a jere. Dattijon ba ya so a ce ya gaza, samari kuma suna ta zuga shi. A ganina wannan tsari yana bukatar gyara, gama ba daidai jikunansu suke jimre wa zafi ba.

Zafin jikin mai lafiya yana wajen digiri 37. Sa'ad da mutum yake huɗa, aikin yana hura wuta a cikin jikinsa, rana kuma tana ƙara tata daga waje. Domin fitar da wannan zafi, zuciya takan tura jini da yawa zuwa fata, sa'an nan gumi ya fito ya bushe. Bushewar gumin ce take kawo sanyi. Matanmu sun san wannan a wurin randa: sabuwa mai tsattsafo ita take sanyaya ruwa, wadda ta daɗe har ƙofofinta suka toshe kuwa ba ta yin sanyi kamar dā.

Haka jikin mutum yake. Idan shekaru suka kai wajen 60, gumi yakan makara, in ya zo ma ba ya kai na saurayi. Jijiyoyin jinin fata ba sa buɗewa sosai, zuciya kuma ba ta iya ƙara gudu kamar dā. Saboda haka zafi yana taruwa a ciki. Abin da ya fi damuna shi ne ƙishi. Ƙishin tsoho yakan yi rauni, har ruwan jikinsa ya ragu ƙwarai bai ji yana son sha ba. Sai ka ji ana yabonsa, wai Baba ƙarfe ne, tun safe bai taɓa tulu ba. Wannan yabo mugun yabo ne. Wanda yake shan maganin hawan jini irin mai sa yawan fitsari, ko mai ciwon sukari, hatsarinsa ya fi haka.

Ba tsoro nake ba ku ba, abu ne da ya faru. A 2003 zafi ya kashe mutum wajen 15,000 a Faransa, yawancinsu tsofaffi. Kusa da mu kuma, a watan Afrilu na 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, wani babban asibiti a Bamako kuwa ya ƙirga gawa 102 cikin kwana huɗu, wajen rabinsu sun wuce shekara 60. Yawancin waɗannan ba garma ce a hannunsu ba, balle wanda yake sunkuye a gona. Kada kuma mu ce bazara kaɗai ce abin tsoro. Lokacin noman fari, in an yi ruwa rana ta buɗe, iska takan yi nauyi da laima, gumi ya yi ta zuba amma ba ya bushewa, watau ba ya sanyaya kome.

Wani zai ce, to, a hana dattawa zuwa gayya ke nan? A'a. Da tsohuwar zuma ake magani, ƙungiyar da ta zaunar da dattawanta a gida kuwa ta yi hasarar masu sanin ƙasa da iri. Dattijon da ya saba aiki ma ya fi mai zaman banza jimre wa zafi. Roƙona ga shugabanni shi ne a fara da asuba, masu shekara 60 zuwa sama su ajiye garma kafin ƙarfe 11, su koma inuwa ga zaɓen iri, gyaran ƙota da duba aikin samari. A sa yaro ɗaya ya riƙa zagawa da ruwa, kowane dattijo ya sha ko bai nema ba. Kunu da fura suna da kyau. Burukutu kuwa ƙara ƙone ruwan jiki yake yi. In shugaba ya faɗi haka a matsayin dokar ƙungiya, ba wanda zai ji an rena shi.

Idan dattijo ya fara jiri, ciwon kai ko tashin zuciya, a kai shi inuwa, a dama masa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Amma in ya rikice, yana magana ba kai, jikinsa ya yi zafi rau, kada a ce zazzaɓin cizon sauro ne a ba shi ƙwaya a jira, gama maganin zazzaɓi ba ya sauke irin wannan zafi. A tuɓe masa riga, a yi ta zuba masa ruwa ana fifita, kada a ɗura masa kome in ba ya cikin hayyacinsa, a nufi asibiti da shi ana ci gaba da jiƙa shi a hanya.