Ra'ayinmu: In an buɗe gaban inji, a sauya famfon ruwa ko a bar shi?

Gardama ce da ake yi a garejojin Filinge kamar yadda ake yin ta a na Yamai. Mai mota ya kawo ta a sauya bel ɗin tayimin, makaniki ya ce a haɗa da famfon ruwa. Mai mota ya ce, "Haba maigida, famfon nan ko ɗigo bai taɓa yi ba." Makaniki ya ce, "Alhaji, aiki ɗaya ne. In ka bar shi, sai na sake kwance duk wannan." Kowannensu yana da hujja, kuma ya kamata a saurare su duka kafin a yanke.

Bel ɗin tayimin, mai haƙora, shi ke daidaita tafiyar fistin da buɗewar bawul. A motoci irin Peugeot 206, 307, 406 da Partner, da tsohuwar Toyota Camry mai inji 2.2, wannan bel ɗin ne kuma ke juya famfon ruwa. Famfon yana can ciki bayan murfi, ba a kai masa sai an cire bel. Idan ƙafarsa ta cije, yana iya zubar wa bel haƙora ko ya tsinka shi. Idan ya fara yoyo, a kan bel ɗin ruwan zai zuba. A injin Peugeot da kusan duk injin gas, tsinkewar bel ana cikin gudu na nufin fistin ya daki bawul ya lanƙwasa su, aikin yini ɗaya ya koma sauke kan inji.

Mai mota ba rowa ke damunsa ba. Tun bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 da rufe iyaka da Benin, kayan da aka saba kawowa ta Kwatano sun koma doguwar hanya ta Lome da Burkina Faso, kuma wanda ke sayen kayan gyara ya ji a aljihunsa. Direban da ke lodi tsakanin Filinge, Bonkuku da Baleyara yana lissafin mai, da kuɗin tasha, da abin da zai kai wa mai mota da yamma. Mai mota yana da wata hujjar da ta fi ta kuɗi ƙarfi: jabu ya yi yawa. Famfon kamfani da ya zo da mota sau da yawa ya fi sabon da ke cikin kwali mai sheƙi ƙarko. Cire na asali mai lafiya a sa na banza asara ce biyu, kuma akwai makanikan da ke matsa wa mutum don ribar da za su ci a kan kaya.

Amma a dubi ƙasar da motar za ta bi. Daga Yamai zuwa Filinge kimanin kilomita 180 ne, daga nan kuma a miƙa Tukunus da Abala, ko a sauka ƙauyukan Kurfai ta cikin rairayi, inji na kuka, mota cike da buhuna da mutane. A Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40. Mafi yawan lagireto a nan ruwan rijiya ake ɗura masa, ba ruwan sanyaya inji na kwalba ba, shi kuwa ruwan rijiya yana barin tsatsa da gasari, yana cin fukafukan famfo da robar da ke tare ruwa. Famfon da zai iya kai wa bel na biyu a Faransa, a nan ba lalle ba ne. Sannan ga abin da kowa ya sani: a halin tsaron da arewacin Tilaberi ke ciki, babu direban da ke son magariba ta same shi a daji da murfin inji a buɗe, ga mata da yara a gefen hanya. Wannan ma yana cikin kuɗin famfo, ko da ba a rubuta shi a takarda ba.

Inda ɓangarorin biyu ke kuskure shi ne ɗaukar duk motoci ɗaya. Da yawa daga Hiace, Hilux da Land Cruiser masu gas suna da bel ɗin tayimin, har da fitilar T-BELT da ke kunnuwa a tsofaffinsu a kilomita 100,000, amma fanbel ne ke juya famfonsu. Corolla mai inji 1ZZ da tsohuwar 504 mai fetur sarƙa gare su, babu ma bel ɗin da za a sauya.

Ga matsayinmu. Idan bel ɗin tayimin ne ke juya famfo, a sauya su tare, haɗe da gargaren da ke ɗame bel, domin sabon bel yana ja da ƙarfin da tsohon famfo ya manta da shi. Sharaɗi ɗaya ne: famfon ya zama mai kyau, daga mai shagon da za a iya komawa wurinsa. In abin da ke aljihu jabu kaɗai zai iya saye, gara a ɗaga aikin kwana kaɗan a cika kuɗin. Idan kuwa fanbel ne ke juya shi, a duba shi a gaban mai mota. A juya shi da hannu a ji ko yana gurzar yashi, a girgiza a ga ko yana wasa, a leƙa ɗan ramin da ke ƙarƙashinsa ko akwai farin busasshen gishiri ko jan tsatsa. In babu ko ɗaya, a bar shi.

Makanikai kuma muna roƙonsu abu biyu. Su miƙa wa mai mota tsohon famfo da tsohon bel a hannunsa, ya gani da idonsa. Su kuma rubuta kwanan wata da kilomita da fenti a jikin murfin, domin motocin da ke shigowa na hannu ne, agogon tafiyar da yawansu ya tsaya ko an taɓa shi, kuma mota kan sauya direba kafin bel na gaba ya zo.