Garin Neman Ƙiba: Magana da Mai Jego da Danginta

Akwai wata tambaya da ake yi wa mai jego a ƙasar Hausa wadda ya kamata a ce mun daina yin ta tuntuni. Mace ta ɗauki ciki wata tara, ta haihu, ta zubar da jini, ta kwana bakwai ba ta yi barcin kirki ba, sai ranar suna 'yan barka su cika ɗaki, wata ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Wance, me ya same ki kika rame haka?" Ba mai tambayarta ko jiri yana ɗibarta in ta miƙe, ko jinin biƙi ya ragu. Kafin a yi arba'in an kawo mata mafita ƙulle a leda: 'yan ƙananan ƙwayoyi, da kwalbar sirof mai zaƙi, da umarnin ta riƙa sha kullum dare domin ta ciko kafin ta koma ɗakin mijinta. Sunan da kasuwa ta raɗa wa wannan haɗi shi ne sha-ka-fashe, kuma ban taɓa jin sunan magani da ya faɗi gaskiya kamarsa ba.

'Yar'uwa, aikina haɗa magunguna ne a asibiti, don haka bari in kwance miki ledar nan ki ga abin da ke ciki.

Ƙwayar farko ita ce deksametason, wadda 'yan kemis ke kira deksa. A jikin kwali za ki ga an rubuta Dexamethasone. Magani ne mai daraja a wurinsa. Da shi ake ƙosar da huhun jaririn da zai zo bakwaini, ana ba da shi a wasu nau'o'in sanƙarau da asma mai tsanani, kuma a shekarar 2020 wani babban gwaji da aka yi a Ingila ya nuna yana rage mutuwar masu korona da ke kan na'urar numfashi da kashi ɗaya bisa uku. A duk waɗannan likita ne ke ƙayyade adadi, ya ƙayyade kwanaki, ya sa ido. Maganin yana kwaikwayon wani sinadari ne mai suna kotisol, wanda wasu ƙananan ƙullutai biyu da ke zaune bisa ƙoda suke fitarwa, sai dai ya ninka kotisol ƙarfi wajen sau 25.

To, me yake yi wa wadda ta mai da shi abincin dare? Yana buɗe mata ci, wannan gaskiya ne, kuma shi ne tarkon. Sannan ya kwashi kitse ya tara a fuska, da ƙeya, da tumbi, yana kuma narkar da naman hannuwa da cinyoyi. Fuska ta zama zagayayya, kumatu su yi sheƙi, dangi su ce jego ya karɓe ta. A likitance wannan siffa alamar cuta ce, muna gane ta tun daga bakin ƙofa. Ƙarƙashin wannan sheƙi suga yana hawa, jini yana hawa, fata tana yin siriri har ta riƙa tsagewa da wata irin nankarwa mai faɗi, mai duhu. Ƙashi yana zaizayewa. Wani lokaci jini ya daina isa kan ƙashin ƙugu, mace 'yar shekara ashirin da biyar ta koma ɗingishi, abin da ƙarshensa kan zama tiyata. Garkuwar jiki tana faɗuwa, ƙaramin rauni ya ƙi warkewa, tarin fuka da ya daɗe a kwance ya farka. Akwai yanar ido, akwai rashin barci, akwai saurin fushi da rikicewar tunani, waɗanda a gida za a ɗora wa iska ko sammun kishiya.

Abin da mai sayarwa ba zai taɓa gaya miki ba shi ne mafi muni. Idan aka ɗauki makonni ana zuba wa jiki deksa daga waje, ƙullutan nan biyu sai su daina aiki, tunda an kawo musu abin da suke yi. Ranar da kuɗi ya yanke, ko kika tsorata kika watsar da ƙwayar gaba ɗaya, jiki ya wayi gari ba na waje, ba na ciki. Sai kasala, da amai, da jiri, jini ya faɗi ƙasa, wata ta suma, wata ta rasa ranta. Wadda ta ji jikinta ya mutu bayan ta daina sai ta koma ta sake saya, tana cewa maganin ne ya karɓe ta. Haka mai kemis ke samun ciniki na shekaru daga mace guda.

Kwalbar sirof kuwa galibi sifroheftadin ne, ko da wane suna aka manna mata, Apetamin ko Periactin ko waninsu. Asalinsa maganin borin jini ne da ƙaiƙayi, buɗe ci kuma illa ce ta gefe da 'yan kasuwa suka mayar haja. Yana kawo barci mai nauyi, ga jariri kwance kusa da uwa a gado ɗaya. Yana iya taɓa hanta. A shekarar 2023 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a game da Apetamin. Abin da ya fi shafar ki, takardar da ke cikin kwalin maganin da kanta ta hana mai shayarwa shan sa, kuma yana iya rage sinadarin da ke sa nono ya kawo. Ki dubi wannan lissafi: an ba uwa magani don ta yi kumatu, nononta ya janye, jariri ya hau kuka, sai a ce nononta ba shi da kyau, a ɗura masa ruwa da madarar gwangwani yana ɗan wata ɗaya, alhali nonon uwa zalla ake so ya sha har wata shida. An cuci mutum biyu da leda guda.

Na san amsar da za a ba ni, na sha jin ta. Za a ce ai wance ta sha, ga ta nan ba abin da ya same ta. Yaushe aka auna sugan wance? Wa ya ɗauki hoton ƙashinta? Illar wannan magani ba ta yin sallama, tana iya ɗaukar shekaru, kuma ranar da ta bayyana ba wanda zai tuna da ledar arba'in. Za a kuma ce cikar jiki ita ce adon mace a al'adarmu, kada a kawo mana ra'ayin Turawa na son tsinke. Ban zo rigima da wannan ba. Kakanninmu ma sun so mai jego ta murmure, amma da me suka nemi hakan? Da ƙauri, da romo, da kunun gyaɗa, da tuwo mai kyakkyawar miya, da ɗauke mata daka da ɗebo ruwa har kwana arba'in. Sun ciyar da ita, sun hutar da ita. Mu kuwa mun riƙe buƙatar, mun yar da ɗawainiyar, mun maye gurbin ƙafar sa da ƙwayar da ba ta kai kuɗin ƙwai biyu ba. Wannan rowa ce aka yi wa kwalliya, kada a jingina ta ga al'ada.

Ramar mai jego tana da dalili, kuma dalilin ne ya cancanci a bi. Wani abin ɗabi'a ne kawai: kitsen da jiki ya tara lokacin ciki an tara shi ne domin ya zama nono, dole ya tafi. Mai shayarwa tana fitar da abin da ya kai kusan kashi uku bisa huɗu na lita a kowace rana, tana buƙatar ƙarin abinci wajen kalori 500 a kan na kullum, wato kamar ƙarin kwano guda na kirki. Idan ba ta samu ba, daga jikinta za a cira. Sai kuma ƙarancin jini. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya gano mata 58 cikin 100 masu shekara 15 zuwa 49 suna fama da shi, tun kafin a zo maganar jinin haihuwa. Maganinsa ƙwayar ƙarin jini ce ta sinadarin ƙarfe da folik asid, wadda ya kamata a ci gaba da sha mako 6 zuwa 12 bayan haihuwa, wadda kuma wasu mata ke ajiyewa ranar da suka sauka. Rama na iya zama alamar tarin fuka, ko ciwon suga, ko ƙanjamau, ko matsalar ƙullutun maƙogwaro. Ki lura, tarin fuka da suga suna cikin cututtukan da deksa ke hura wa wuta. Tana iya zama kuma ciwon damuwa na bayan haihuwa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi da danginsa suna kama kusan mace ɗaya cikin biyar a ƙasashe masu tasowa. Macen da take kuka a ɓoye, abinci ya fita ranta, tana buƙatar mai sauraronta da likita. Sirof ba zai yi mata komai ba sai sa ta barci.

Haka nan ba kowace cika ce murmurewa ba. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, kuma arewa maso yammacin Najeriya na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Idan ƙafafun mai jego suka kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya rigingine sai an tara mata matasai, tana tari cikin dare, a kai ta asibiti a ranar. Haka in ciwon kai mai tsanani ya zo da kumburin fuska da dishi-dishin gani, domin hawan jinin ciki na iya tasowa har makonni shida bayan haihuwa. A sassauta kanwa a kunu, ita ma dangin gishiri ce.

Maigida, yanzu da kai nake. Sau da yawa ba kai ka sayo ledar ba, amma domin idonka aka sayo ta. Kalma guda da ka yar cikin wasa, cewa ta zama kamar sillen kara, ko yabon da ka yi wa jikin wata a gabanta, ita ce ta tura ta kemis. Ka san adadin buhun shinkafar da za a dafa wa baƙi ranar suna, ka san kuɗin rago. Ka san abin da matarka ta ci jiya da rana? A gidaje da yawa ita ke dafawa, ita ke rabawa, a zuba maka tsoka, a zuba wa yara, ita ta kankare tukunya. Wake, da ƙwai, da hanta sau ɗaya a mako, da zogale, da alayyahu, da gyaɗa, da fura da nono, da busasshen kifi, duk suna kasuwar unguwarku. Lemu ko gwaba bayan abinci na taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe, baƙin shayi kuwa yana hana shi, don haka a raba lokacinsu. Hajiya, uwar mai jego, da ke Gwaggo mai wanka, ku ne ake jin maganarku a ɗakin nan. In kun ce a'a, ledar ba za ta shigo ba.

Mai kemis kuma ya sani lasisinsa bai ba shi izinin sayar da deksa ba, magani ne da sai da takardar likita. Masu tallar gyaran jiki a TikTok da WhatsApp, waɗanda ke niƙa ƙwayoyin nan su cuɗa da garin ridi su ce haɗin gargajiya ne, su ma aikin NAFDAC ne da hukumar PCN su bi sawunsu, mu kuma aikinmu ne mu kai rahoto. Su ne dai, a shafi na gaba, suke sayar wa wata mai jegon shayin rage tumbi, wanda yawancinsa filasko ne mai sa gudawa, wani ma an sha kama shi da sibutiramin a ɓoye, maganin da Turai da Amurka suka janye a 2010 saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Kin rame su sayar miki, kin yi ƙiba su sayar miki.

Na dawo gare ki, 'yar'uwa, da abin da ya fi damuna. An rene ki a kan jin kunyar abinci: kada ki ci a gaban surukai, kada ki nemi ƙari, kada a ce kina da haɗama. Akwai matan da rabon da a tambaye su abin da ransu ke so tun lokacin laulayi, a lokacin ma don abin da ke cikin ne aka tambaya. Amma ki dubi abin da haihuwa ta koya miki cikin 'yan makonni. Kina bambance kukan yunwa da na barci da na ciwon ciki a bakin wanda bai iya kalma ɗaya ba. Kina sanin ya ƙoshi daga yadda ya saki hannu. Wannan ilimi ne babba, ba wanda ya karantar da ke shi, kuma kina iya juya shi ga kanki. Yaushe kike jin yunwa? Wane abinci ne ke zama miki lafiya, wanne ke sa ki kasala? Gajiyar nan ta barci ce ko ta jini? Macen da ta iya amsa waɗannan ta san jikinta fiye da duk mai zuwa barka, kuma da wuya a sayar mata da cuta a matsayin ado. Jikin da ya ɗauki mutum ya sauke ba zai koma na budurci ba, ƙugu ya buɗe, ciki ya saki, nankarwa ta zauna, kuma ba ki ci bashin kowa ba da za ki biya da ƙashinki. 'Yarki mai shekara shida tana tsaye tana kallon yadda kike duban madubi, da yadda kike cin saura, tana haddacewa.

Idan kuwa kin riga kin fara sha, musamman in kin wuce mako uku, kada ki daina yau don kin karanta wannan. Ki tattara kwalin, da kwalbar, da garin in haɗi ne, ki kai wa likita ko mai haɗa magunguna na asibiti, ki faɗi tun yaushe kika fara da nawa kike sha a rana, ba tare da ragewa don kunya ba. Za a auna miki suga da hawan jini da yawan jini, a tsara miki yadda za a riƙa rage adadin sannu a hankali har ƙullutan nan su farka, abin da kan ɗauki makonni ko watanni. In zazzaɓi ko amai ya kama ki a tsakani, ko za a yi miki tiyata, ki gaya wa duk ma'aikacin da ya duba ki cewa kina kan deksa. Ki zo da jaririn ma, a ɗora shi a ma'auni.