Ku Daina Fasa Zanen Cike A AutoCAD, Ba Laifin Firinta Ba Ne

Jama'a, yau maganar da ɗan zafi, sai haƙuri. Masu zana filan ɗin gini a Kazaure da Babura, da ɗalibai masu koyon AutoCAD a kwalejin Hussaini Adamu da sauran wurare, da ku nake.

Zanen cike, wato layuka da ɗigogin da umarnin HATCH ke zubawa cikin bango ko harsashi, ba kwalliya ba ne. Shi ke gaya wa birkila nan bulo ne, nan kankare, nan kuma cikon ƙasa. Amma sau nawa ake miƙa wa magini takarda, bangon ya fito baƙi ƙirin kamar an shafa gawayi? Sai a ce wai firintar mai shago ce ba kyau. Wallahi ba ita ba ce, sikeli ne ba a lissafa ba.

Ga lissafin. Zanen ANSI31, mai layuka a karkace, tazarar layukansa milimita 3.175 ce a fayil na awon mita. Ka ba shi sikeli 20 don ya yi kyau a tagar kallo ta 1:20, inda kake nuna yankan harsashi. Madalla. To amma wannan bangon shi ne dai ke fitowa a taga ta 1:100 ta cikakken gida. Can tazarar ta ragu sau 5, ta koma kusan milimita 0.6 a takarda. A 1:200 kuwa 0.3, kaurin layin kansa ya cinye ta. Shi ne baƙin da kake gani.

Me mutanenmu ke yi? Wani ya danna EXPLODE ya fasa zanen, ya zauna yana goge layuka ɗaya-ɗaya. Gyaran gangar Auzinawa ke nan: fayil ya yi nauyi, faɗin wurin da zanen ke lissafa maka ya ɓace, in ka matsar da bango layukan ba za su bi shi ba. Wani kuma ya kwafi gidan gida biyu, kowane da sikelinsa. Ranar da mai gida ya ce a matsar da ƙofa, a gyara ɗaya a manta ɗaya. Birkila a Gwiwa ko Roni ba shi da kwamfutarka, takarda ce kawai a hannunsa. In ya gina abin da ba shi ba, wa zai biya kuɗin simintin da za a rushe?

Alhali tun AutoCAD 2008 aka kawo maganin:

1. Ka fara aiki da acadiso.dwt, ba acad.dwt ba. Na biyun na inci ne, bambancinsu ninki 25.4. Rubuta MEASUREMENT ka tabbatar yana kan 1.
2. Lokacin zuba zanen, kunna maɓallin Annotative, ka zaɓi girman da kake so ya fito a takarda.
3. Zaɓi zanen, rubuta OBJECTSCALE, ka saka masa duk sikelin da za ka yi amfani da su: 1:20, 1:50, 1:100.
4. A shafin takarda, ba kowace taga sikelinta, sannan ka kulle ta.

In zanen ya ɓace a wata taga, kar hankalinka ya tashi. Ba ka saka masa sikelin tagar ba ne, koma mataki na 3.

Sai dai kar a wuce gona da iri. Ba kowane zane ake yi wa haka ba. Wanda alama ce kawai, kamar ANSI31, shi ya kamata ya fito girma ɗaya a kowace taga. Wanda ke nuna ainihin girman abu, kamar jerin bulo ko tayil a fuskar gini, bar shi ya girma ya ragu tare da ginin. Kuma a lura, AR-B816 an tsara shi ne a kan bulon inci 8 da 16 na Amurka, namu kuwa fuskarsa milimita 450 da 225 ce. Wanda ya ƙirga bulo daga wannan zanen ya cuci mai gida.

Na san wani zai ce: "Ai magini ba ya duba wannan, da baki ake masa bayani." To me ya sa ka karɓi kuɗin zane? Ya daina dubawa ne saboda mun saba ba shi abin da ba ya karantuwa. Wani ya ce ba lokaci. Minti biyar ne fa, ɗan'uwa, ƙiwuya ce kawai.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. A gwada a fayil guda yau, wanda ya maƙale ya faɗi matakin da ya tsaya, za mu warware tare in sha Allah. A tura wa abokan aiki su ma su amfana.