Tabo a hoton huhu: ba duka ne tarin fuka ba

Tun 2021 da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta amince a riƙa amfani da kwamfuta wajen karanta hoton ƙirji don gano tarin fuka, ɗaukar hoton ya ƙaru a ƙasashen yankinmu. Abin farin ciki ne. Sai dai hoto ba ya zaɓen abin da zai nuna. Ana neman tarin fuka, sai a ga wani ƙullutu a huhu, a gwada majina da na'urar GeneXpert a tarar babu ƙwayar cutar. To daga nan sai ina?

Likitoci suna fara rarrabewa ne da girma. Abin da bai wuce santimita 3 ba suna kiransa ƙullutu, wanda ya haura haka kuma ƙari ne, kuma ana ɗaukarsa a matsayin kansa har sai bincike ya nuna akasin haka. Ƙananan ma akwai mataki-mataki. Ƙa'idojin ƙungiyar Fleischner na 2017 sun ce ƙullutu mai tauri da bai kai milimita 6 ba, a jikin wanda ba shi da wani haɗari kamar shan taba, ba ya buƙatar bibiya. Daga 6 zuwa 8 a sake hoton sikana bayan wata 6 zuwa 12. Idan ya wuce 8, ko dai a sake hoton bayan wata 3, ko a yi hoton PET, ko a ciro ɗan nama a duba.

Bayan girma sai kamanni. Wani ƙullutun cike yake, wani kamar hazo, wani kuma ya haɗa biyun, wanda shi ne ya fi tayar wa likita hankali. Mai santsin baki, wanda alli ya taru a tsakiyarsa, yawanci tabon tsohuwar cuta ne da ta warke. Mai baki tsaga-tsaga kamar ƙaya, musamman a saman huhu, abin zargi ne. Lokaci ma shaida ne: cikakken ƙullutun da ya shekara 2 bai ƙaru ba, galibi ba kansa ba ne.

Matsalar ita ce an tsara wannan ma'auni a Amurka da Turai, inda tarin fuka bai yawaita ba, sikana kuma tana kusa. A nan tarin fuka kansa yana son saman huhu, yana kuma iya yin ƙullutun da ke haske a hoton PET kamar kansa. Ga ƙurar duwatsu da masu haƙar zinariya a Jado da sauran wurare ke shaƙa, ita ma tana barin ƙananan ƙullutai. Wannan ne ya sa likitocin Asiya suka fitar da nasu ƙa'idojin a 2016, suka yi la'akari da yawan tarin fuka a wajensu.

Abin da ke yawan faruwa sananne ne. Mai tari da rama, majinarsa ba ta nuna komai ba, sai a ɗora shi kan maganin tarin fuka na wata 6, domin shi ne kyauta kuma shi ne a hannu. Ba laifin likitan ƙauye ba ne, da abin da ke gabansa yake aiki. Amma idan kansa ce, waɗannan watanni suna iya mayar da ƙarin da fiɗa za ta cire zuwa wanda ya bazu. A duniya, kansar huhu ta kashe mutum kusan miliyan 1.8 a 2022, fiye da kowace kansa.

Hoto dai ba ya yanke hukunci, sai an duba nama a madubin likita. A nan ne ake sanin ko kansar mai ƙananan ƙwayoyin halitta ce, wadda ke saurin bazuwa kuma take kusan kashi 15 cikin 100, ko ɗaya rukunin ne mai kusan kashi 85. Maganinsu ya bambanta.

Nijar ta buɗe cibiyar gashin kansa ta farko a Yamai a 2021. Amma gashi sai an san abin da za a gasa. Shirye-shiryen yaƙi da tarin fuka a Nijar, Kamaru da Cadi suna da rajistar waɗanda aka samu da cutar. Abin da ya kamata su ƙara shi ne hanyar tura wanda hotonsa ya nuna ƙari alhali gwajinsa ya fito babu komai. Shi kuma majinyacin da ya sha magani wata 2 bai ji sauƙi ba, ya koma asibiti da tsohon hotonsa a hannu, ya nemi a sake wani a gwada su.