Tawakkali ne ko sakaci? Magana a kan shanyewar ɓarin jiki

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, akwai wata ɓarna da ta yi kaka-gida a unguwanninmu, kuma da rigar addini take yawo. Mutum zai yanke jiki ya faɗi, baki ya karkace, hannu da ƙafa su saki, harshe ya yi nauyi. Nan da nan gida ya cika da masu fatawa. Wannan ya ce iska ce, ai a makewayi ya faɗi. Wancan ya ce sammu ne, a binciki kishiya ko abokin ciniki. A turara hayaƙi, a kawo rubutu, a kwana uku ana jiran mai magani daga ƙauye, sai jiki ya gama lalacewa sannan a nemi mota zuwa likita. In ya cika, a ce kwana ya ƙare. Haƙiƙa ajali ba ya jinkiri, amma wannan bai ɗauke wa mai sakaci tambayar da za a yi masa ba.

Wannan cuta sananniya ce tun da. Larabawa suna kiranta falij, likitocinmu suna cewa AVC. Ta sami Abanu ɗan Sayyidina Usmanu, wanda yake cikin manyan malaman Madina, har ya yi gwamnanta. Saboda haka mai cewa alhakin wani ne ya kama majinyaci, ya ji tsoron Allah ya kama bakinsa. Asalinta a ƙwaƙwalwa yake: ko dai gudan jini ya toshe jijiya, ko jijiyar ta fashe jini ya malala. Sashen da jini ya daina kai wa sai ya fara mutuwa cikin mintoci, gaɓoɓin da yake sarrafawa su saki. Ido ba ya bambanta toshewa da fashewa, sai na'urar sikana, kuma maganin ɗaya yana iya zama ajalin mai ɗayar. Allurar da ke narkar da gudan jini, a inda ake da ita, cikin awa huɗu da rabi na farko ake yin ta. To ina mai kwana uku a gida?

Ba na musun aljanu, samuwarsu tana cikin Alƙur'ani. Ba na musun ruƙiyya ta shari'a. Abin da nake musu shi ne wanda bai san ko inda jijiya take ba ya yanke hukunci a kan ran mutum, ya karɓi jikka ashirin da zakara, ya ce kada a kai shi likita wai allura za ta fusata iskar. Wa ya ba shi wannan ilimi? A wane littafi ya karanta? Mafi muni, sai a tallabi kan majinyaci a ɗura masa rubutu ko jiƙo. Ku sani da yawa cikin waɗanda cutar ta kama haɗiyarsu takan lalace, abin da aka ɗura sai ya zarce huhu ya haifar da wani ciwon da ke kisa. Ayar Allah waraka ce, amma ku karanta ta a kansa kuna cikin mota. Kada a ba shi komai ta baki, ko ruwa, ko ƙwayar magani. In hankalinsa ya gushe, a kwantar da shi a kan gefe, a riƙe lokacin da abin ya fara domin likita zai tambaya. Ko da alamun sun wuce bayan ƴan mintoci, a tafi, gargaɗi ne.

Sai magana ta biyu, wadda ta fi shafar mu da muke zaune lafiya a sahu. Babbar ƙofar wannan cuta hawan jini ne, tansiyo. A 2016 an fitar da sakamakon wani bincike mai suna INTERSTROKE, da aka yi a ƙasashe 32 kan mutum kusan 27,000. An gano abubuwa goma da mutum ke iya gyarawa su ne ke bayan kusan kashi 90 cikin ɗari na haɗarin, hawan jini na kan gaba. Kada wani ya ce wannan na Turawa ne: binciken SIREN a Najeriya da Gana aka yi shi, har da asibitocin Kano da Zariya, mutane masu cin irin tuwonmu. Shi ma hawan jini ya samu a sama, tare da ciwon suga, da yawan cin nama, da ƙara gishiri, da rashin motsa jiki, da taba. Ya kuma nuna masu cin ganye kullum sun fi samun kariya. Zogale da rama da yakuwa da muke rainawa muna cewa abincin talaka, ashe alhazan tsire da kilishi ne ke cikin hasara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin baligi a yini kada ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokali guda. Ku lissafa dunƙulen magi nawa ake jefawa a tukunya ɗaya, ga gishiri, ga kanwa. Ga shayin fada, suga kamar an zuba da moɗa.

Hawan jini yakan shekara bai yi wa mutum ko ciwon kai ba. Awo kaɗai ke tona shi, kuma awon bai fi minti biyar ba a CSI ko faramasi. Wanda awonsa ya tsaya a 14/9 ko sama, ya ga likita. Amma ga dattijo an rubuta masa magani, ya sha wata guda ya ji sauƙi, ya ajiye, wai ya dogara ga Allah. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sannan ya yi tawakkali, ya kuma yi umarni da neman magani. Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke can. Ko ka fi su tawakkali ne? Kiyaye rai yana cikin larurori biyar da shari'a ta zo domin tsare su. Maganin hawan jini ba a barinsa don an ji sauƙi. Mai kuɗin anko da na biki ba shi da uzurin cewa magani ya yi tsada, ɗan da ya bar mahaifinsa babu magani kuwa ya sake duba babin biyayya ga iyaye. Kafin azumi ya kama, mai shan magani ya je likita a daidaita masa lokacin sha tsakanin buɗa-baki da sahur.

Wanda cutar ta riga ta sama, kada a kulle shi a ɗakin baya kamar abin kunya. Watannin farko su ne jiki ya fi saurin farfaɗowa, a lazimci gashi da motsa gaɓoɓi wajen masu kine, a riƙa juya shi kada bayansa ya yi gyambo, a yi haƙuri da nauyin harshensa. Salla ba ta faɗi a kansa ba matuƙar yana cikin hankalinsa: a taimaka masa da alwala, in ruwa ya gagara ya yi taimama, ya yi sallarsa a zaune, ko a kan gefe, ko da nuni. In yana son jam'i, matasan unguwa su turo shi a keke, mu kuma mu gyara masa wuri a bakin sahu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu.